Asalin Taminus ta Jos

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a Jos ya ji kwandasta yana kiran "Taminus! Taminus!" To, kalmar ta Turawa ce, ma'anarta inda hanyar jirgi ta tuƙe. Ga yadda aka yi ta zama sunan tsakiyar gari.

Da Turawa suka fara haƙar kuza a kan tudun Jos, babbar wahalarsu ita ce fitar da ita. A ka ake ɗaukarta, da jakuna, tafiyar kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai. Da abin ya ishe su sai suka shimfiɗo wani siririn dogo daga Zariya, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kacal. Ya iso Rahama a 1912, ya hau tudu ya kai Bukur a 1914. A 1927 kuma babban dogo ya shigo ta Kafanchan ya tuƙe a Jos, ya ƙwace wa ƙaramin kasuwa, har aka rufe ƙaramin a 1957. Jirgi ya tafi, suna ya zauna.

Inda jirgi ke tsayawa kuwa ba a rasa 'yan dako da masu tuwo da fatake. Haka wurin ya cika. A kusa da nan Jami'ar Jos ta fara zama a 1971, tana reshen Jami'ar Ibadan, kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975. Asibitin koyarwarta ma a nan ya daɗe kafin ya koma Lamingo.

Amma ginin da ya fi fito da sunan Taminus shi ne babbar kasuwa. Gwamna Joseph Gomwalk ya ƙudura ta, aka ci gaba da aiki zamanin Solomon Lar, aka gama a 1985. Rumfuna dubbai a ƙarƙashin rufi guda, hawa bisa hawa! Baƙo kan shiga ta wata ƙofa ya rasa ta inda zai fita. Har daga Kamaru da Chadi ana zuwa sari.

Wani dare cikin Fabrairun 2002 gobara ta cinye ta. 'Yan kasuwa suka baje kaya a bakin titi, gwamnoni suka yi ta alkawarin sake ginawa. Yaran da aka haifa a shekarar gobarar sun girma, wasu har sun yi aure, ba su san kasuwar ba sai kangonta.