Daga Madubi Zuwa Kwamfuta: Tarihin Amfani da Duniyar Kwaikwayo Wajen Gashin Ƙashi

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun wata dabara ta taimakon masu shanyewar ɓarin jiki da masu raunin gaɓoɓi, watau sa majinyaci ya motsa jiki cikin wata duniyar kwaikwayo wadda kwamfuta ke zana masa, yana ganin motsin hannunsa ko ƙafarsa a cikinta. Tambayar da muke son amsawa ita ce: na'urar ce ke kawo sauƙi, ko kuwa motsa jikin?

Asalin Dabarar

A ganinmu dabarar tushe biyu gare ta. Na farko, a shekarar 1968 Ivan Sutherland ya ƙera wani gilashi a Amurka wanda ake sawa a kai, mai nuna zanen kwamfuta da ke sauyawa idan mutum ya juya kansa. Ba don marasa lafiya aka yi shi ba. Na biyu kuwa madubi ne. A 1996 V. S. Ramachandran na Jami'ar Kalifoniya ya ba da rahoton wani akwati mai madubi a tsakiya. Wanda aka yanke wa hannu yakan sa mai lafiyar a ciki, ya ga surarsa a gurbin wanda ya rasa, har wasu suka sami sassaucin zafin da suke ji a hannun da babu shi. A 1999 aka gwada madubin a kan masu shanyewar ɓarin jiki. Wannan ya nuna cewa abin da ido ya gani yana taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa gaɓa.

Bunƙasarta

A ƙarshen shekarun 1990 Grigore Burdea da abokan aikinsa na Jami'ar Rutgers suka ƙera na'urar gashin idon sawu, wadda majinyaci ke tuƙa jirgin sama da ita a fuskar kwamfuta ta hanyar juya ƙafarsa. Irin waɗannan na'urori suna da tsada ƙwarai. Ba su kai ga jama'a ba sai da kayan wasa masu bin motsin jiki suka fito, Wii a 2006 da Kinect a 2010, asibitoci suka karɓe su hannu bibbiyu.

Gwaji

A 2016 Gustavo Saposnik ya buga sakamakon gwajin da aka yi wa majinyata 141 a Kanada da Ajantina da Peru da Tailan. Dukkansu suna samun gashin da aka saba. An ƙara wa kashi ɗaya Wii, ɗaya kashin kuma wasan karta da ƙwallo da makamantansu, na tsawon mako 2. Kowane kashi ya sami ci gaba, amma babu wanda ya tsere wa ɗan'uwansa. Haka kuma nazarin Cochrane na 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje 72, bai ga dabarar ta fi gashin da aka saba ba wajen gyara hannu, sai dai tana iya amfani idan an ɗora ta a kansa don ƙara lokacin motsa jiki.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya koya mana shi ne, yawan maimaita motsi shi ne ginshiƙi, na'ura kuwa amfaninta ta hana majinyaci ƙosawa. Saboda haka asibitin da ba shi da halin sayenta kada ya raina madubi da ƙwallo, muddin akwai ƙwararren da zai tsaya a kan majinyaci.