Ladan kare, daga dajin farauta zuwa Agege

Tun kafin wani ya fara sayar da biskit ɗin karnuka a kantunan Ikeja, mafarautan ƙasar Hausa sun san cewa kare ba ya koyon aiki sai da lada. Kullum abincinsa ɗumame ne da dusa, amma ranar da ya kamo zomo ya kawo wa ubangidansa bai ci ba, nan take a yanka a jefa masa kayan ciki. Malamai ma sun san zancen, domin aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo.

Da aka buɗe layin dogo tsakanin Legas da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka ƙara yawa a Agege. Daji ya ja baya, kare ya koma gadin gida da garke. Ladan nasa kuwa yanzu daga mayankar Oko-Oba yake fitowa: huhu da hanta, a dafa ba gishiri, a yayyanka ƙanana, a shanya. Ni dai ban ga abin da ya fi wannan ba, muddin ba a cika masa hantar ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu jefa wa kare ragowar tsire. Albasa tana lalata masa jini, dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soke hanji. Goron da ya tara kakanninmu a Agege ma guba ne gare shi, saboda yana ɗauke da sinadarin da ke cikin cakulan.