Sarauniya Mangu ta Lugu da Zuwan Faransawa Ƙasar Arewa, 1899



Duk wanda ya tashi daga Gwandu ko Kalgo ya nufi arewa maso yamma, ya bi ta Kangiwa ya ƙetare iyaka, zai faɗa ƙasar Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar. A nan ne garin Lugu yake, mazaunin Sarauniya, shugabar addinin gargajiya ta Azna, wadda dutsen shari'a na Tunguma yake ƙarƙashin kulawarta. A 1899 wadda ke riƙe da wannan sarauta ita ce Mangu.

A farkon shekarar ne rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufi Tabkin Chadi. Ba su riƙo guzurin da zai ishe su ba, saboda haka suka riƙa ƙwace hatsi da dabbobi, suna ƙona garuruwa, suna kama mutane su yi musu dako. Da yawa daga masu mulkin yankin suka zaɓi sulhu ko gudu. Mangu ta ƙi ba da hanya.

A tsakiyar watan Afrilu aka gwabza. Maharban Azna suka ja da baya cikin sarƙaƙiya, suka yi ta ruwan kibau. Bisa lissafin Faransawan kansu, an kashe musu soja 4, an raunana 6, sun kuma harba harsashi wajen 7,000. Sun ƙona Lugu, amma ba su kama Sarauniya ba.

Daga nan suka wuce suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Da labarin ta'asarsu ya isa Faris, aka turo Kanar Klobb ya bincika, Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine da Voulet. Mutanen Lugu sun ce alhakin Sarauniya ne ya kama su.

To, me ya sa sunanta ya daɗe a ɓoye? Faransawa sun ambace ta a 'yan layuka kaɗan, a matsayin tsohuwar matsafiya. Malamanmu kuwa alƙalaminsu ya fi karkata ga tarihin masu jihadi, ita kuma ba Musulma ba ce. Sai a 1980 Abdoulaye Mamani ya fito da ita a littafinsa na ƙagaggen labari, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Sun kyauta, amma sun ƙara gishiri, har matasa suka ɗauki Sarauniyar fim a kan ita ce ta tarihi.

Aikin da ya rage namu ne, musamman ɗaliban Kabi da ke maƙwabtaka da Arewa: a je a zauna da tsofaffi, a rubuta abin da suka gada daga kakanninsu, a auna shi da takardun Turawa tun kafin masu sanin su ƙare.