BABI NA UKU: TARIHIN GANO CIWON ZAIZAYAR BAKI DA BAMBANTA SHI DA SANKARA A ƘASAR SHAGARI DA BOƊINGA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka gano cututtukan baki da haƙori waɗanda Bahaushe ya tara su ƙarƙashin suna guda, wato "ciwon daji", da kuma yadda maganinsu ya bunƙasa. An ɗora bayanin a kan ƙasar Shagari da Boɗinga, waɗanda ke kudu maso yammacin birnin Sakkwato a kan hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega. Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, kuma Sakkwato ce madogararsu idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Babin zai nuna cewa babban ci gaban da aka samu shi ne rarrabe cuta daga cuta, domin sai an san sunan ciwo na gaskiya ake dacewa da maganinsa.

3.1 Suna Ɗaya, Cututtuka Uku

A al'adance, kula da baki a ƙasar Hausa ya dogara ne a kan asuwaki da kurkure baki da sassaƙe-sassaƙe, sannan wanzamai da masu maganin gargajiya su ne ake fara tunkara idan dasashi ya kumbura ko haƙori ya yi kogo. Duk gyambon da ya ƙi warkewa, yana cin nama yana yaɗuwa, akan kira shi ciwon daji. Wani bincike da aka gudanar a asibitin Noma na Sakkwato, aka buga a shekarar 2020, ya nuna cewa iyayen yara kan kira ciwo guda da sunaye da dama, kamar ciwon daji da ciwon iska da zaizayar baki.

A ilmin likitanci kuwa, abin da ke ƙarƙashin wannan suna ya kai cututtuka uku. Na farko shi ne zaizayar baki, wanda likitoci ke kira "noma". Kalmar ba ta da alaƙa da noman gona, domin ta samo asali ne daga harshen Girkanci, inda take nufin cinyewa. Wannan ciwo ba sankara ba ne, ruɓewar nama ce da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, kuma ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Na biyu shi ne sankarar muƙamuƙi ta yara, wadda ake kira da sunan likita Burkitt. Na uku shi ne sankarar baki ta manya, wadda taba da giya ke cikin manyan dalilanta. Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan gamin-gambiza ba. Turawa ma sun daɗe suna kiran zaizayar baki da sunan Latin mai ma'anar sankarar baki, Jamusawa kuma suna kiran ta sankarar ruwa.

3.2 Matakan Ganowa da Magani Kafin 1990

Zaizayar baki ta addabi 'ya'yan talakawan Turai har cikin ƙarni na 19, sannan ta ja baya yayin da abinci da tsabta suka inganta. Ta sake ɓulla a sansanonin gwale-gwale na Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya ƙara tabbatar da cewa yunwa ce ƙashin bayanta. Abubuwa biyu suka sauya al'amarin cututtukan baki baki ɗaya. Na ɗaya shi ne hoton ƙashi da Röntgen ya gano a 1895, wanda ya ba likita damar ganin tushen haƙori da cikin muƙamuƙi ba tare da yanka ba. Na biyu shi ne maganin fenisilin da Fleming ya gano a 1928, aka fara amfani da shi sosai a shekarun 1940, wanda ya sa yaron da a da ake fid da rai da shi yake iya tashi.

Ta fuskar sankara kuwa, a shekarar 1958 ne Denis Burkitt, wani likitan fiɗa da ke aiki a Yuganda, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi da ke kama yaran Afirka, yana girgiza haƙoransu, yana girma cikin 'yan makonni. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin naman wannan kumburi, daga baya kuma aka lura cewa ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, Farfesa Victor Ngu yana cikin waɗanda suka nuna cewa allurar kashe ƙwayoyin sankara tana iya narkar da wannan kumburi, har ma aka ba shi lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt da wasu a 1972. A Ibadan ɗin ne kuma likita Tempest ya buga nazarinsa a kan yara 250 masu zaizayar baki a 1966. Haka nan a 1966 aka buɗe makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Nijeriya, a Jami'ar Legas. Sai dai kuma duk wannan ci gaba a kudancin ƙasar ya tattaru, ya yi wa manomin Shagari nisa.

3.3 Sakkwato Daga 1990 Zuwa 2023

A shekarar 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana zaizayar baki a matsayin matsalar lafiyar al'umma, a 1998 kuma ta ƙiyasta cewa mutum 140,000 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ba su sami magani ba suna mutuwa. A cikin shekarun 1990 ɗin Farfesa Cyril Enwonwu da abokan aikinsa suka yi bincike a kan yaran karkarar arewa maso yammacin Nijeriya, har da ƙasar Sakkwato, inda suka nuna yadda tamowa da kyanda da rashin tsabtar baki ke haɗuwa su share wa cutar fage.

A 1996 likitocin fiɗa daga Turai suka fara zuwa Sakkwato domin gyaran fuskar waɗanda suka tsira, da tallafin wata gidauniya ta Jamus. Wannan aiki ne ya haifar da Asibitin Yara na Noma, wanda aka buɗe a 1999. Daga 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga tallafa wa Ma'aikatar Lafiya wajen tafiyar da shi, inda aka riƙa yin fiɗa kyauta tare da ciyar da yara da gasa muƙamuƙin da ya ɗaure. Gyaran fuska guda kan buƙaci fiɗa sau da dama, ana ɗebo fata daga wani sashe na jiki ana cike gurbin kunci ko leɓe ko hanci. Masu sankara kuwa akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake yankar ɗan nama a duba shi da madubin likita, wanda shi ne gwajin da ke tabbatar da sankara. Daga nan sai a yanke shawarar fiɗa ko allura ko gashi. Nijeriya ce ta jagoranci neman a saka zaizayar baki cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a ranar 15 ga Disamba, 2023.

3.4 Matsayin Wannan Ci Gaba ga Mutanen Shagari da Boɗinga

Duk da kusancin waɗannan garuruwa da Sakkwato, fiɗa tana amfanar wanda ya rayu ne kawai. Zaizayar baki takan fara da jini da gyambo a dasashi tare da warin baki, sai kunci ya kumbura, sai fata ta yi baƙi ta huje, kuma duk wannan yana iya faruwa cikin mako biyu. A matakin dasashi da na kumburi, maganinta mai araha ne: amoksisilin da metronidazol, da wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki. Waɗannan abubuwa ba su fi ƙarfin ƙaramin asibitin karkara ba. Yaron da ya fi shiga haɗari shi ne wanda aka yaye a kan kunu zalla, ko wanda bai daɗe da tashi daga kyanda ba, musamman da damina kafin sabon hatsi ya shigo gida.

A nan ne illar suna guda take fitowa fili. Idan uwa ta ɗauka cewa ɗanta ciwon daji ne da shi wanda ba ya jin magani, ko kuwa iska ce ta taɓa shi, kwanakin da za a cece shi sukan ƙare a wajen turare da shafe-shafe. Haka kuma idan aka ɗauki kumburin Burkitt a matsayin ciwon haƙori aka cire haƙorin, sankarar takan ci gaba da girma, alhali tana cikin sankarorin da suka fi jin magani. Babban mutum kuwa da gyambon bakinsa ya haura mako uku bai warke ba, gwaji yake buƙata. Wani nazari da aka buga a 2020 a kan masu maganin gargajiya a ƙasar Sakkwato ya nuna cewa a shirye suke su karɓi horo su kuma tura yara asibiti. Wannan muhimmin abu ne, tun da yake su ake fara kai wa yaro.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga yadda aka tashi daga kiran kowane gyambon baki ciwon daji, har aka kai ga rarrabe zaizayar baki daga sankarar Burkitt da sankarar manya, kowace da gwajinta da maganinta. An kuma ga yadda Sakkwato ta zama cibiyar gyaran fuska daga 1996. Abin da ya rage ga ƙasar Shagari da Boɗinga shi ne ilmin ya isa ga uwa da wanzami da malamin asibitin ƙauye, ta yadda za a buɗe bakin yaro a duba dasashinsa tun ciwo bai kai kunci ba. Babi na gaba zai dubi rawar da wanzamai ke takawa a wannan fanni.