Dogaro da Kai a Aikin Jinƙai na Ikkilisiya

Ma'ana

Dogaro da kai shi ne ikkilisiya ta iya riƙe aikin jinƙanta, kamar taimakon gwauraye, marayu da marasa lafiya, da dukiyarta da mutanenta, ko da taimakon waje ya yanke. Henry Venn, sakataren mishan na CMS a Ingila daga 1841, ya koyar cewa ikkilisiyar da ta kafu za ta ciyar da kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta.

Tarihinmu

Mishan na SIM ya iso ƙasar nan a 1893. Daga baya ya yi aikin kula da kutare a Yadakunya kusa da Kano, ya kuma buɗe makarantar yara maza a Roni. An kafa ECWA a 1954, sannan a 1976 SIM ta miƙa mata ragamar ayyukanta. Tun daga ranar nauyin ya dawo kan 'yan ƙasa. Ƙungiyar EMS, wadda ke aika masu bishara da baikon ikkilisiyoyi, shaida ce cewa abin mai yiwuwa ne.

Ginshiƙai uku

1. *Dukiya daga cikin gida.* A Yankwashi, Roni, Gwiwa, Kazaure da Babura ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, yawancinmu manoma. Kuɗi ba su da yawa a hannu, amma akwai gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi. Hatsi na araha da kaka, ya yi tsada a tsakiyar damina. Idan muka ware wani kaso na baikon godiyar kaka muka zuba a rumbun ikkilisiya, gwauruwa ba za ta sayar da akuyarta a watan Agusta ba. Mai hali ya karɓa rance ya mayar da kaka, marar hali a ba shi kyauta.

2. *Mutanen da aka horar.* A Ayyukan Manzanni 6:1-6 manzanni sun sa jama'a su zaɓi mutum bakwai domin rabon abinci. Aikin da fasto kaɗai ya san kansa, ranar da aka yi masa canjin wuri aikin ya mutu. Kowane ma'aji da sakatare ya sami mataimaki da yake koya wa, a kuma jawo zumuntar mata da matasa cikin kwamiti.

3. *Lissafi a fili.* A 2 Korintiyawa 8:18-21 Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba, domin kada a sami abin zargi. Mutum biyu su ƙirga baiko, biyu su sa hannu kafin a fitar da kuɗi ko buhu, a kuma karanta rahoto gaban ikkilisiya kowane wata uku.

Taimakon waje

Ba mu ƙin taimako. Amma mu sa shi a abin da ake yi sau ɗaya, kamar gina rumbu, haƙa rijiya ko horar da ma'aikata. Abin da ake bukata kowace shekara ya fito daga gare mu. Kafin mu karɓa mu tambayi kanmu: idan ya tsaya baɗi, wa zai ci gaba?

Mu kuma tuna da maƙwabtanmu Musulmi. Yunwa ba ta tambayar addini, rijiyar ikkilisiya kuwa ta unguwa ce duka (Galatiyawa 6:10). Ubangiji ya sa a same mu amintattu.