Daga Huber Zuwa Hoover: Yadda Ake Bin Salsalar Dangin da Suka Yi Ƙaura

Idan aka ce ka nemo asalin Herbert Hoover, shugaban Amurka na 31 wanda ya yi mulki daga 1929 zuwa 1933, ta ina za ka fara? Wataƙila ka ce Ingila, tunda sunan ya yi kama da na Ingilishi. To da ka ɓata tun a matakin farko. Sunan gidansu na asali Huber ne, kuma tushensu wani ƙauye ne a Suwizalan mai suna Oberkulm.

Ga yadda abin ya faru. Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka gwabza daga 1618 zuwa 1648, ya kassara yankin Pfalz da ke bakin kogin Rayin a Jamus ta yau. Mutane sun ƙare, gonaki sun zama saura. Sai 'yan Suwizalan suka riƙa gangarowa neman ƙasar noma da aikin hannu. A cikinsu har da wani reshe na gidan Huber, wanda ya sauka a ƙauyen Ellerstadt. A nan aka haifi Andreas Huber a 1723. Yana ɗan shekara 15, a 1738, ya tsallaka teku zuwa Filadalfiya.

A can ne sunan ya sauya. Harafin "u" na Jamusanci yana fita kamar "oo" na Ingilishi, akawu kuwa abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa. Andreas Huber ya koma Andrew Hoover. Ya zauna a Maryland, ya wuce North Carolina, zuri'arsa suka nufi Ohio, daga nan sai Iowa, inda aka haifi Herbert a 1874.

To ta yaya masu bincike ke haɗa wannan sarƙa? Da baya-baya ake tafiya, daga wanda ka sani zuwa mahaifinsa, kowane mataki da takardarsa: wasiyya, takardar filin gona, rajistar aure. In ka iso bakin teku, sai ka duba jerin fasinjoji. Tun 1727 hukumar Fensilbeniya ta tilasta wa masu jiragen ruwa su miƙa sunayen baƙin da suka kawo. Matsalar ita ce jerin ba kasafai yake faɗin ƙauyen mutum ba. Turawan Ingila ma sukan kira kusan duk mai jin Jamusanci mutumin Pfalz, ko da ɗan Suwizalan ne. Sai ka koma littattafan coci na Turai, inda limamai ke rubuta baftisma da aure da jana'iza, wani lokaci har da garin da baƙo ya fito.

A nan ake yawan zamewa. Huber na nufin mai riƙe da wani yanki na gona, kuma yana cikin sunayen da suka fi yawa a Suwizalan da kudancin Jamus. Kana iya samun Andreas Huber fiye da ɗaya a zamani guda. Idan ka ɗauki wanda ba shi ba, ka jingina wa dangi kakannin wasu ke nan, kuma duk mai kwafa daga gare ka zai yaɗa kuskuren.

Saboda haka kada ka yarda da suna shi kaɗai. Sai shekarar haihuwa, da sunan uba, da gari sun dace a takardu daban-daban kafin ka ce wane ɗan wane ne.