Maciji mai garkuwa a wutsiya: ɗan ƙaramin macijin Indiya marar dafi

Yau za mu leƙa ƙasar Indiya. A can akwai wani ɗan maciji da masana ke kira Uropeltis ellioti. Danginsa duka a Indiya da tsibirin Sri Lanka kaɗai ake samun su a duniya.

Kamanninsa

Tsawonsa bai cika wuce santimita 25 ba, wato kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Jikinsa sumul ne, mai sheƙi, launin ƙasa mai duhu da ɗigo-ɗigon rawaya. Yana da layin rawaya a kowane gefen wuya, da wani a kowane gefen wutsiya. Kansa ƙarami ne mai tsini, idanunsa ƴan mitsi-mitsi.

Abin mamaki yana ga wutsiyar. Gajera ce, kamar an sare ta a karkace da wuƙa, kuma wurin yana da kaushi da tauri. Daga nan sunan garkuwa ya fito. Masana na ganin tana kare shi: in maƙiyi ya biyo shi rami, ita zai tarar, ba kan ba.

Inda yake zaune

Ana samun shi a duwatsun Ghats na gabas da na yamma, a jihohi irin su Tamil Nadu, Andhra Pradesh, Karnataka da Maharashtra. Yana son ƙasa mai laima da taushi, ƙarƙashin ganyaye, duwatsu da ruɓaɓɓen itace. Galibin rayuwarsa cikin ƙasa yake yin ta, yana haƙa da kansa. Abincinsa tana ce. Sai damina ta sauka, ruwa ya cika ramuka, sannan a kan gan shi a fili. Macen ba ta yin ƙwai, haihuwar ƴaƴa take yi.

Wani masani ɗan Birtaniya, John Edward Gray, ne ya bayyana shi a 1858, ya raɗa masa sunan Walter Elliot, wani jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Madras, garin da yau ake kira Chennai.

Ba shi da dafi, ba ya cutar mutum ko dabbar gida. Duk da haka mutane na kashe shi don tsoro, motoci na take shi lokacin ruwa, saran daji kuma na busar da ƙasar da yake rayuwa ciki.

A kula fa

Wannan maciji babu shi a Nijar. Kada wani ya ga gajeren maciji a gona ya ce ai irin marar dafin nan ne. Kububuwarmu ma ba ta da tsawo, amma tana kisa. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a garzaya da shi likita nan take.